Harshe Ya Riga Littafi: Tarihin Gyara Haɗin Koktel a Gida

A ƙasashen Turai da Amurka, inda haɗa giya iri-iri a tambulan guda ya zama sana'a mai makarantu da gasa da littattafai, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sana'ar da masu haɗa nasu a gida. Ƙwararre ya ce kowane koktel yana da awonsa na asali, wanda ya rage sukari ko ya ƙara lemun tsami ya ɓata shi, kuma bai kamata ya kira abin da ke hannunsa da sunan da aka san shi da shi ba. Na gida ya ce ai shi zai sha, saboda haka harshensa ne alƙali. In aka bi al'adar tun daga tushe, na gida ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake gaskiyar tasa tana da iyaka, kuma iyakar ba ƙarama ba ce. Abin da ake kira awon asali, in aka tona, kusan kullum ɗanɗanon wani mutum ne a wata shekara, da kayan da ya samu a kasuwar garinsu, sai wani ya zo ya rubuta. Mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, hukuncin giya a addininsu kuwa a fili yake, kuma wannan rubutu ba gayyata ba ce zuwa mashaya. Tarihi ne na wata al'ada ta wasu mutane, wadda ta nuna ƙarara yadda awo da sabo da kasuwa suke kokawa a kan abin da ɗan Adam ke sa wa a bakinsa.

Kakan koktel shi ne abin shan da ake kira Punch, kuma ba a mashaya aka haife shi ba. Tun da daɗewa mutanen Farisa da Daular Usmaniyya da Indiya suna shan sharba, wato ruwan 'ya'yan itace da sukari da ruwan sanyi, har fadar sarakunan Mogul na sa a kawo mata ƙanƙara daga kan duwatsu. Turawan Ingila masu aiki a kamfanin cinikin Indiya ta Gabas, waɗanda giyarsu ta gida ke lalacewa a doguwar tafiyar teku, suka riƙa haɗa barasar arak ta ƙasar da lemun tsami da sukari da ruwa da kayan ƙamshi. An ambaci sunan wannan haɗi a wasiƙar wani ma'aikacin kamfanin tun a shekarar 1632. Daga jiragen ruwa ya shiga gidajen Ingila, inda ya yi fiye da shekara ɗari yana sarauta a babbar tasa a tsakiyar tebur. Maigida ne ke haɗawa a gaban baƙinsa, yana ɗanɗanawa yana gyarawa, kuma ana yi wa mutum kirari da iya haɗinsa. Marubucin nan Charles Dickens na cikin masu alfahari da nasa. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1847 ya zayyana yadda yake yi, daga fere ɓawon lemo siriri zuwa cinna wa barasar wuta, sannan ya umarci mai karɓar wasiƙar da a ɗanɗana, in zaƙi bai ji ba a ƙara sukari gwargwadon so, tare da lura cewa zaƙin zai ƙaru in haɗin ya ɗan zauna. Mutumin da ya ba da awo da hannunsa, shi ne kuma ya ce a gyara.

Shi kansa koktel, bayaninsa na farko da aka buga ya fito ne a ranar 13 ga Mayu, 1806, a jaridar The Balance and Columbian Repository ta garin Hudson a jihar New York. Wani mai karatu ne ya tambayi ko mene ne shi, editan jaridar, Harry Croswell, ya amsa cewa barasa ce kowace iri, da sukari, da ruwa, da bitas, wato ruwan ɗaci na ganyaye da saiwoyi. Abu huɗu ke nan, babu awon ko ɗaya, kuma ba a ma zaɓi irin barasar ba. Sai bayan shekara hamsin da shida, a 1862, Jerry Thomas ya fitar da littafin farko a Amurka kan haɗa abin sha, inda Punch ya cinye shafuka masu yawa, masu sunan koktel kuwa ba su wuce goma ba. Wanda ya buɗe littafin yana neman daidaito irin na mai haɗa magani zai sha mamaki, domin ma'aunan su ne cikin tambulan ɗin ruwan inabi, da cokali, da dunƙulen sukari, da ɗigo biyu ko uku. Tambulan ba girma ɗaya ba, dunƙulen sukari daga babban curi ake fasa shi, ɗigo kuwa ya danganta da bakin kwalba da ƙarfin hannun mai girgizawa. Thomas yana rubuta wa abokan sana'a ne waɗanda suka san za su ɗanɗana kafin su miƙa.

A cikin waɗannan shekaru kuma wani abu ya shigo ya sauya lissafin gaba ɗaya, shi ne ƙanƙara. Frederic Tudor na Boston ya fara yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare yana kai wa ƙasashen zafi a jirgin ruwa, ya kai tsibirin Martinique a 1806, ya kai Kalkata a 1833. Da ƙanƙara ta yi araha sai ta maye gurbin ruwan da ke cikin tsohon bayani. Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗawa ya san abin da ke faruwa: a zuba barasa da ruwan lemo da ruwan sukari a gwangwanin ƙarfe, a cika da ƙanƙara, a rufe a girgiza har bayan gwangwanin ya yi raɓa hannu ya fara ƙagewa, sannan a tace. A wannan ɗan lokaci ƙanƙara ta narke ta surka haɗin, har ruwan ya kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ke cikin tambulan. Manyan dunƙule masu tauri ba sa saurin narkewa, dakakkiyar ƙanƙara mai jiƙe kuwa nan da nan take tsinka abin. Sanyi kansa yana danne zaƙi a harshe, shi ya sa abin da ya yi daidai da ɗumi yakan koma salam in ya yi sanyi. Babu littafin da zai iya auna ƙanƙarar firijin kowane gida, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum biyu su bi shafi ɗaya su sami abu biyu.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin tarihin manyan sunayen da ƙwararru ke karewa. A shekarun 1870 da 1880 masu mashaya a Amurka sun shiga ƙawata koktel da ɗigon wannan da ɗigon wancan, barasar ɓawon lemo da ta ceri da absint. Tsofaffin mashaya suka gaji, suka riƙa cewa a yi musu irin na da, wuski da sukari da bitas da ruwa kawai, kuma daga wannan ƙorafi ne sunan Old Fashioned ya fito, har ya shiga littafin George Kappeler a 1895. Negroni, kamar yadda ake ba da labari, ya samo asali ne a birnin Florence na Italiya wajen 1919, lokacin da wani basarake mai suna Camillo Negroni ya nemi a cire ruwan soda daga abin shan da ake kira Americano a sa masa barasar jin a madadinsa. A mashayar Floridita da ke Havana, babban birnin Kyuba, marubucin nan Ernest Hemingway ya nemi a yi masa Daiquiri babu sukari, a kuma ninka barasar ram, kuma har yau ana sayar da wani nau'in da sunansa. Uku ke nan cikin shahararru, kuma kowannensu mai sha ne ya ƙi abin da aka saba ba shi. Kuskuren jiya da ya sami mabiya shi ne ƙa'idar yau.

Martini ya fi kowanne tona asirin masu kare awon asali. A littafin Harry Johnson na 1888, rabi jin ce mai zaƙi da ake kira Old Tom, rabi kuma bamut, wato ruwan inabin da aka jiƙa ganyaye da saiwoyi a ciki, sannan a ɗiga ruwan sukari da bitas. Abu ne mai zaƙi. A littafin otal ɗin Savoy na Landan, wanda Harry Craddock ya tattara a 1930, akwai mai kashi biyu na jin da kashi ɗaya na bamut marar zaƙi. A 1948 David Embury ya fi son bakwai da ɗaya. A wani littafin labari na Hemingway da ya fito a 1950 an kai goma sha biyar da ɗaya. Ƙungiyar masu sana'ar ta duniya ta tsaya a kan shida da ɗaya. A cikin shekara sittin da 'yan kai an tashi daga rabi da rabi an kai inda bamut ya zama kamar ƙamshi kawai, sunan kuwa bai canja ba. Duk wanda ya ce na gida ya saɓa wa asali, sai ya fara faɗin wanne ne asalin a cikin waɗannan.

Gida ya karɓe ragamar al'adar ne sakamakon wata doka da aka yi don kashe ta. Daga 17 ga Janairu, 1920 zuwa 5 ga Disamba, 1933, Amurka ta haramta yi da sayarwa da safarar giya. Amma dokar haramcin, wato dokar Volstead, ba ta hana mutum ajiye abin da ya saya kafin haramcin a gidansa ba, ya sha shi da baƙinsa. Mashayu na halal a doka suka rufe, ƙwararru da yawa suka ƙetare teku, shi Craddock ɗin ma ta haka ya koma Landan. Falon gida ya zama wurin haɗuwa, gwangwanin girgizawa ya shiga cikin kayan da ake ba amarya kyauta, kuma mata, waɗanda tsohuwar mashaya ba ta maraba da su, suka shiga cikin masu haɗawa da masu sha. Gyaran da aka yi a wannan zamani yawancinsa na dole ne, domin barasar bayan fage tana da wari da kaifi, sai a rufe ta da zuma da ruwan lemo da madara. Wani lokacin abin da ake rufewa guba ce. A 1930 wani gurɓataccen ruwan citta mai barasa ya shanye ƙafafun dubban mutane. Da aka ɗage haramcin, al'adar ba ta koma mashaya kacokan ba. Shugaba Franklin Roosevelt kansa yakan haɗa wa baƙinsa Martini da hannunsa da yamma a fadar White House.

A wannan yanayi ne Embury ya rubuta The Fine Art of Mixing Drinks. Lauya ne a New York, bai taɓa tsayawa bayan kanta ya sayar wa kowa da abin sha ba, amma littafinsa ya zama abin da ƙwararru da kansu ke komawa gare shi. Abin da ya yi shi ne ya daina kallon koktel a matsayin ɗaruruwan sunaye da za a haddace, ya ce 'yan iyalai ne kaɗan, kowanne da ginshiƙin barasa, da abin da ke sassauta ta, da ɗan abin ƙamshi ko launi. Ga masu tsami ya ba da gwargwado: ɗaya na zaƙi, biyu na tsami, takwas na barasa, ya kuma ƙarfafa wa mai karatu gwiwa ya ƙirƙiro nasa. A tsibirin Barbados kuwa tsohon gwargwadon Punch shi ne tsami kashi ɗaya, zaƙi ninkinsa, barasa uku, ruwa huɗu. Zaƙi ya rinjayi tsami a can, tsami ya rinjayi zaƙi a wurin Embury, kuma kowanne yana da masu rantsuwa da shi. Abin da suka haɗu a kai shi ne dole zaƙi ya tare tsami, dole ruwa ya karya kaifin barasa, kuma in an taɓa ɗaya sai an duba sauran. Wannan ne ilimin da ke wucewa daga tsara zuwa tsara, lambobin kuwa kowane zamani da nasa.

Ƙwararru suna da amsa, kuma ba a raina ta ba. Suna cewa suna alƙawari ne: wanda ya nemi abu da sunansa a Landan ko a Tokyo ya kamata ya san abin da zai zo masa. Don haka ne aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya a garin Torquay na Ingila a 1951, ta kuma fitar da jerin koktel hamsin da awonsu a 1961. Kotu ma ta taɓa shiga, domin a 1936 wata kotu a New York ta yanke hukunci cewa duk abin da aka sayar da sunan koktel ɗin Bacardi sai da barasar Bacardi a ciki. Suna kuma iya nuna shekarun 1970 da 1980, lokacin da garin lemo na leda da ruwan kwalba mai launi suka kore lemo ɗanye daga mashayu, har sai da irin su Dale DeGroff, a Rainbow Room ta New York daga 1987, suka koma tsofaffin littattafai suka dawo da matse lemo da hannu. Duk wannan gaskiya ne, amma gaskiya ce ta ciniki. Mai saye da kuɗinsa yana da haƙƙin a ba shi abin da aka ambata, kuma hukuncin 1936 kare sunan kamfani ya yi. Wanda ke haɗa wa kansa ba ya yaudarar kowa. Ita ƙungiyar ma ta sake jerin nata sau da dama, ta cire wasu ta shigo da wasu ta gyara awo. Shi kuwa DeGroff, ingancin kaya ya dawo da shi, bai ɗaure kowa da lambobin 1862 ba.

Ko da mutum ya so ya yi biyayya ga tsohon shafi harafi da harafi, kasuwa ba za ta bar shi ba, in kiɗa ya sauya kuwa dole rawa ta sauya. Amurka ta haramta absint a 1912, ba ta sake ba shi hanya ba sai 2007, don haka kusan shekara ɗari koktel ɗin Sazerac na New Orleans, mai buƙatar absint, da madadi aka riƙa yin sa. Jin ɗin Old Tom ta yi wuyar samu a kantuna shekaru da dama a ƙarni na 20. Koktel ɗin Aviation a littafin Hugo Ensslin na 1916 yana da barasar wani fure mai launin shuɗi-shuɗi, littafin Savoy ya bar ta, kuma masu sha suka yi shekaru da dama suna ɗaukar na Savoy a matsayin asali. Haɗin da Ian Fleming ya sa a bakin James Bond a littafin Casino Royale na 1953 yana buƙatar Kina Lillet da jin ɗin Gordon's. An sauya tsarin Lillet a 1986 ɗacinta ya ragu, Gordon's kuma a Ingila an rage ƙarfinta daga kashi 40 cikin ɗari zuwa 37.5 a 1992. Wanda ya bi lambobin Fleming yau ba abin Fleming yake sha ba, wanda ya gyara ya ƙara ɗan ɗaci shi ya fi kusa da shi. Lemun tsami ma haka, wani ya fi wani kaifi, na wannan wata ba na wancan ba ne. Uwargidan da ta iya miya ba ta auna gishiri sau ɗaya ta rufe tukunya, domin ta san daddawar yau ba ta jiya ba ce.

Akwai dai wata suka da ba ta da amsa mai sauƙi, kuma ita ce iyakar gaskiyar na gida. In aka sake duba misalan nan, gyaran kusan duka gefe ɗaya ya karkata. Negroni ya cire soda ya sa barasa. Hemingway ya cire sukari ya ninka barasa. Martini ya yi ta zubar da bamut har ya kusan zama tsurar jin. Gwargwadon Embury na takwas ya fi ƙarfin abin da yawancin mashayu ke bayarwa yau. Harshen da ya saba da barasa ba alƙali adali ba ne, domin yau da gobe yana daina jin kaifin da ya ji jiya, sai ya kira ƙarin da sunan ɗanɗano. A mashaya akwai ma'auni da farashi da mai sayarwa da ke iya cewa ya isa, a gida kuwa babu ko ɗaya, kwalba ce da hannun mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Tarihi ya ba na gida izini a kan sukari da tsami da ɗaci da ƙanƙara, amma a kan barasar kanta tarihin nan shaida ne a kansa. A wannan gaɓar ma'aunin ƙwararre yana da amfanin da ya wuce kare suna.

Fasahar daidaita zaƙi da tsami ba ta taɓa dogara da giya ba, sharba ma ta riga Punch. Littafin Jerry Thomas na 1862 yana da sashe na abin sha marar barasa, su ruwan lemo iri-iri, don masu ƙauracewa giya na zamaninsa. A Najeriya reshen wannan al'ada da ya fi yaɗuwa shi ne Chapman, wanda ake dangantawa da kulob-kulob na Legas, kuma yanzu ana samun sa a otal-otal da wuraren biki har a Arewa: lemon kwalba irin su Fanta da Sprite, da jan ruwan sukari na grenadin, da yankakken kokwamba da lemo da ƙanƙara. Kowane gida da yadda yake yin nasa, wani ya rage lemon kwalba ya ƙara lemun tsami, wani ya sa zoɓo don launi da tsami. Sai dai a tsarin da aka fi sani ana ɗiga bitas na Angostura, wanda likita Johann Siegert ya fara haɗawa a Benezuwela a 1824, kuma barasar da ke cikin kwalbarsa ta kai kashi 44.7 cikin ɗari. Wanda ba ya son ko ɗigon barasa a tambulansa, ya tambayi mai haɗawa kafin ya karɓa.